Sharhi a Kan Jimlar Labari Guda: Misali Daga Wasan Kwaikwayon Makaranta a Gumbihini, Tamale

1.0 Gabatarwa

Kafin a rubuta wasan kwaikwayo, kafin kuma a raba wa 'yan wasa matsayi, akwai wani ɗan mataki da malamai da ɗalibai kan tsallake, wato faɗar labarin wasan gaba ɗaya a cikin jimla guda. A wannan jimla ce ake iya gane ko akwai wasa ko babu, tun ba a ɓata takarda da lokacin gwaji ba. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna wa ɗaliban harshe da adabi yadda ake yi wa irin wannan jimla sharhi, ta fuskar ma'anarta da ginin nahawunta da kuma dacewarta da masu kallo. An ɗauki misali daga muhallin unguwar Gumbihini da ke birnin Tamale a arewacin ƙasar Gana, sannan an auna misalin da wasu fitattun wasannin kwaikwayo na Hausa da aka buga.

2.0 Jimlar Labari da Bambancinta da Jigo

Abin da ake nufi da jimlar labari shi ne taƙaitaccen bayani wanda ke faɗin wanda labarin ya shafa, da abin da yake nema, da abin da ya tare masa hanya, da kuma asarar da zai yi idan bai samu ba. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin nan na ƙasar Girka, Aristotal, ya shawarci marubuci da ya fara shimfiɗa labarinsa a dunƙule kafin ya shiga ƙawata shi, har ya kawo misali da doguwar waƙar Odisi, inda ya taƙaita ta cikin 'yan layuka, ya nuna cewa sauran abin da ke cikinta rassa ne.

Bahaushe ma ya daɗe da sanin wannan hikima. Akwai karin maganar da labari ne sukutum a cikin jimla guda, alal misali: abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. A nan ga tauraruwa, ga sana'ar mijinta, ga buƙatar gidan, ga kuma abin al'ajabin da ya auku, wanda shi ne biyan buƙata kuma shi ne masifa. Duk wanda ya ji wannan jimla zai so ya san yadda aka ƙare a gidan falke, kuma wannan son jin ƙarashe shi ne ma'aunin farko na jimlar labari.

Sai dai ɗalibai da yawa kan rikita jimlar labari da jigo. Wani dalilin wannan rikitarwa yana cikin sunayen wasannin Hausa kansu, domin kuwa da yawansu karin magana ne ko gutsurenta: Tabarmar Kunya na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano (1969), da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina (1979), da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan (1980). Haka ma Malam Aminu Kano, lokacin da yake ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya sa wa ɗaya daga cikin wasanninsa suna Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. Irin waɗannan sunaye jigo suke nunawa, wato darasin da za a tashi da shi. Ɗalibin da aka tambaya labarin wasansa ya ce "a kan muhimmancin ilimi ne", jigo ya faɗa, kuma ba a iya raba wa 'yan wasa jigo su hau dandamali da shi.

3.0 Muhallin Wasan

Ba a yi wa jimlar wasa sharhi a sarari kawai, sai an san inda za a nuna wasan da waɗanda za su kalla. Gumbihini unguwa ce a Tamale, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Gana, a cikin ƙasar Dagomba. Harshen Dagbani ne ya fi rinjaye a gari, Ingilishi ne harshen hukuma da na karatu, Hausa kuwa ana jin ta a zango da kasuwa da tashar mota da wasu majalisun malamai. Alaƙar Hausawa da wannan yanki ta samo asali ne daga fataucin goro zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salga, kuma a wannan ƙasa ce shahararren marubucin waƙoƙin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru Salga, ya yi yawancin rayuwarsa ta malanta har ya rasu a Kete-Karachi a 1934.

Daga cikin al'amuran da suka daɗe suna damun jama'ar arewacin Gana akwai tafiyar 'yan mata zuwa manyan biranen kudu domin yin dako a kasuwanni, kamar Kejetiya a Kumasi, da Makola da Agbogbloshi a Ankara, kamar yadda Hausawa ke kiran babban birnin Gana. Ana kiran mai wannan sana'a kayayo, jam'i kuma kayaye. Kalmar kanta abin nazari ce ga ɗalibin harshe, domin haɗin gambiza ce: "kaya" daga Hausa, "yoo" kuma daga harshen Ga, ma'anarta mace. Dalilan tafiyar sanannu ne. Damina ɗaya ake yi a arewa, rani kuma yana da tsawo, aikin samun kuɗi ya yi ƙaranci, ga kuma buƙatar tara kayan ɗaki kafin aure. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ɗalibar makaranta a Tamale ta zaɓi wannan batu a ranar da aka ce a kawo labarin wasa.

4.0 Jimlar da Ake Nazari

Jimlar da ke tafe misali ce da aka tsara domin wannan darasi, a bisa siffar jimlolin da ɗalibai kan fara kawowa:

(1) Wata yarinya ta bar makaranta ta tafi Ankara yin kayayo, ta sha wahala, daga baya ta gane cewa ilimi ya fi kuɗi.

4.1 Abin da Jimlar ta Dace da Shi

Adalcin sharhi shi ne a fara da abin da ya yi kyau, kuma a faɗe shi takamaimai. Jimla ta (1) ta dace a wurare uku. Na farko, tana da tauraruwa guda, ba taron jama'a ba. Na biyu, batun na gida ne, babu wanda zai zauna a filin makaranta a Gumbihini ya ce bai san abin da ake magana a kai ba. Na uku, akwai sauyi tsakanin farko da ƙarshe, domin yarinyar da ta fita ba da tunanin da ta fita ta dawo ba. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga mai koyo, kuma a kansu za a ɗora duk gyaran da zai biyo baya.

4.2 Tauraruwa

Kalmomin "wata yarinya" su ne rauni na farko. Mafayyacin "wata" yana gabatar da wadda ba a sani ba, kuma babu laifi a fara da shi, tatsuniya ma haka take farawa. Laifin shi ne babu wata siffa da ta biyo baya wadda za ta raba wannan yarinya da sauran dubban 'yan mata. Ba suna ake nema a nan ba, domin ko an sa mata suna ba a ƙaru da komai ba. Abin da ake nema shi ne matsayinta a gida da a makaranta: 'yar fari ce ko 'yar auta, a hannun uwarta take ko a hannun riƙo, ita ke zuwa ta ɗaya a aji ko da ƙyar take karatu. Kowace amsa wani wasa dabam za ta haifar. Alal misali, a ƙasar Dagomba akwai al'adar ba goggo, wato 'yar'uwar uba, riƙon yarinya. Idan tauraruwar 'yar riƙo ce a hannun goggonta, nan take an sami wadda ke da iko a kanta, wadda kuma ba a iya ɗaga mata murya.

4.3 Aikatau da Dandamali

Jimlar tana da aikatau huɗu a jere: bar, tafi, sha, gane. Ya kamata ɗalibi ya riƙa yi wa kowane aikatau tambaya ɗaya, wato shin ana iya ganin sa a dandamali? Bari da tafiya ana iya nuna su. "Shan wahala" kuwa buhu ne da ba a kwance bakinsa ba. Kwanan rumfar kasuwa ne, ko mai kaya ce ta hana ta ladanta, ko tulin kwanuka ne ya faɗi aka ce ta biya? Ɗan wasa ba ya iya kwaikwayon wahala a dunƙule, sai an ba shi wahala guda mai suna. Aikatau na huɗu, "gane", shi ya fi duka rauni, domin a cikin zuciya yake aukuwa. Wasan da ƙarshensa ganewa ce yakan tilasta wa tauraruwa ta juyo ta fuskanci jama'a ta yi musu jawabi, daga nan kuma wasa ya koma lacca. Mai sharhi zai tambaya: me ta aikata wanda ya nuna ta gane?

4.4 Mahaɗi da Sababi

Idan aka dubi yadda aka jera sassan jimlar, za a ga waƙafi ne kawai ya haɗa su, sai kuma "daga baya". Wato dangantakar da ke tsakaninsu ta lokaci ce: wannan ya faru, sannan wancan ya faru. Marubucin nan na Ingila, E. M. Forster, ya yi bayani a 1927 cewa abin da ya raba jerin aukuwa da ƙullin labari shi ne sababi. A Hausa ana iya gwada wannan da ƙananan kalmomi biyu, "saboda" da "amma". Jimlar da ba ta karɓi "saboda" ba, ba ta faɗi dalilin tauraruwa ba. Wadda kuma ba ta karɓi "amma" ko "alhali" ko "ga shi kuwa" ba, babu abin da ya tare wa tauraruwa hanya, kuma inda babu tarewa babu rikici. A jimla ta (1) ba a san abin da ya fitar da yarinyar daga makaranta ba, ba a kuma ga wanda ya ce mata kada ta tafi, ko wanda ya ce lalle sai ta tafi ba.

A nan akwai buƙatar a yi hattara da amsar da ta fi saurin zuwa baki, wato "saboda kuɗin makaranta". Gwamnatin Gana ta fara ba makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati tallafi a madadin kuɗin makaranta a 2005, sannan a 2017 ta fara shirin karatun babbar sakandare kyauta. Masu kallo sun san da wannan. Idan ana so dalilin ya zauna, sai a ambaci abin da iyaye ke kashewa da gaske, kamar kayan makaranta da takalma da littattafan rubutu, da akwati da katifar da ake tafiya da su makarantar kwana, da kuma hannun da gida zai rasa a talla ko a aikin kaɗanya.

4.5 Wuri da Lokaci

Tsakanin Tamale da Ankara akwai tafiyar kimanin kilomita 600, kuma jimlar ta nuna labarin zai ci watanni, ƙila ma shekaru. Wannan zubi ya dace da ƙagaggen labari ko fim. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ratsa hamada ya ci shekaru, kuma da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, wanda aka buga a 1975, sai da suka sake masa tsari domin ya hau dandamali. Makarantar unguwa kuwa abin da take da shi bai wuce fili ko baranda ba, da 'yan tebura da tabarmi, da ɗan lokacin da aka ware a ranar taro. Jimlar da ke buƙatar gida da aji da tasha da cikin mota da kasuwa da makwancin 'yan dako, ta ɗora wa makarantar kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

4.6 Masu Kallo

Wannan shi ne wuri mafi nauyi a sharhin. A cikin iyayen da za su zo kallo a unguwa irin Gumbihini, da wuya a rasa matar da ta taɓa yin dako a kudu, ko wadda 'yarta ke can a lokacin, ko wadda da kuɗin dakon aka ɗinka wa ƙaramin ɗanta kayan makarantar da yake sanye da su. Jimla ta (1) ta yanke hukunci tun kafin a fara shari'a: wadda ta tafi ta yi wauta, kuma wahala ce ta koya mata hankali. Matan da ke zaune sun san ba wauta ce ta kai su ba. Idan wasa ya faɗa musu haka a bainar jama'a, ta bakin 'ya'yansu, to an ci musu fuska, kuma saƙon da ake so ya shiga ba zai shiga ba. Ɗaliba ba ta yi nufin cin fuska ba, amma aikin mai sharhi ne ya hango mata abin da ba ta hango ba.

5.0 Aunawa da Wasannin da Aka Buga

Rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa a makaranta ya tashi. Wasanni shida da R. M. East ya tsara a shekarun 1930 domin 'yan makaranta aka yi su, haka ma Wasan Marafa na Abubakar Tunau (1949). Saboda haka koyarwa da faɗakarwa sun daɗe a jikin wannan adabi, kuma babu mai cewa a raba su. Abin lura shi ne yadda wasannin da suka yi fice suka ɗauki darasinsu. Idan aka matse Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi (1960) cikin jimla guda, za a sami wani abu kamar haka:

(2) Wani attajiri mai iyali ya nace sai ya auri karuwa duk da gargaɗin da aka yi masa, ita kuwa ta shigo gidan ta watsa shi tare da dukiyarsa.

Haka kuma Uwar Gulma na Alhaji Muhammadu Sada (1968):

(3) Wata matar aure da mijinta ya wulaƙanta saboda shaye-shaye da yawon banza ta nemi mafita a wurin iyayenta da gaban alƙali, amma hanyar rabuwar ta zame mata wata sabuwar wahala.

A jimla ta (2) akwai wanda ya nace, akwai gargaɗin da ya taka, akwai kuma abin da ya rasa. A ta (3) akwai mai nema, da wuraren da ta nufa, da kuma "amma". Babu ɗaya daga cikinsu da ya buƙaci kalmar "gane", duk da cewa wasannin biyu cike suke da darasi. Mai kallo ne ke ganewa, 'yan wasa kuwa aikatawa suke yi. Wani abin lura a Uwar Gulma shi ne marubucin ya ware mai sharhi dabam wadda ke tsoma baki a kan abin da ke faruwa, ta yadda nauyin yin tsokaci bai faɗa kan Halima da Hayatu ba. Wannan dabara ce da wasan makaranta zai iya ara, ta hanyar sa maroƙi ko wata tsohuwar maƙwabciya ta riƙa yin wannan aiki.

6.0 Matakan Gyara

Ba aikin mai sharhi ba ne ya karɓe alƙalami ya rubuta wa ɗaliba sabuwar jimla. Aikinsa shi ne ya yi tambayoyin da amsoshinsu za su fito da jimlar daga bakinta. Idan aka tambaye ta wa ke riƙon yarinyar, da abin da ya sa za ta tafi, ana iya isa ga mataki na biyu:

(4) Wata ɗaliba mai ƙoƙari da ke hannun goggonta tana son ta ci gaba da karatu, amma goggon ta ce lokaci ya yi da za ta tafi kudu ta tara kayan ɗakinta.

An sami ci gaba. Ga buƙata, ga mai tarewa, ga "amma". Sai dai har yanzu da saura, domin goggo ta fito a matsayin muguwa kawai, kuma babu abin da ya sa lalle a yau za a yi ta ta ƙare. Tambayoyi biyu za su biyo baya. Ta farko, mene ne gaskiyar goggo, wato wace hujja take da ita wadda mai hankali zai saurara? Ta biyu, wace rana ce ba ta ɗaguwa? A tsarin karatun Gana akwai irin wannan rana, wato jarrabawar BECE da ake yi a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, wadda da ita ake samun gurbi a babbar sakandare. Daga amsoshin nan ana iya samun:

(5) Saura kwana uku a fara jarrabawar BECE, wata ɗaliba da ke hannun goggonta a Gumbihini ta gano cewa da kuɗin dakon yayarta a Kumasi ake yi mata hidimar karatu, ga yayar ta dawo gida ba lafiya, goggo kuma ta riga ta biya mata kuɗin mota domin ta je ta maye gurbinta.

Jimla ta (5) ta fi ta (1) tsawo, amma kowane sashe nata yana da aikin da yake yi. Wurin wasa ya koma guda, wato tsakar gidan goggo, Kumasi kuwa za ta shigo ne ta bakin yayar da kuma jikinta. Lokaci ya taƙaita zuwa kwana uku. Manyan 'yan wasa uku ne, ana iya ƙara malami da ƙawa da maƙwabciya domin sauran 'yan aji su sami shiga. Goggo tana da hujja, domin tukunya ba ta jiran sakamakon jarrabawa. Mai dako ta tashi daga matsayin wadda ta yi wauta ta koma wadda ta ɗauki nauyin karatun ƙanwarta a ka. Ita kuma tauraruwa an sa ta a tsaka mai wuya: in ta zauna ta rubuta jarrabawa, wa zai sayi maganin yayar da ta yi mata wahala? In ta hau mota, guminta da na yayar sun tafi a banza. Jigon muhimmancin ilimi yana nan daram, har ya fi ƙarfi, domin yanzu an ga farashinsa.

Za a lura jimla ta (5) ba ta faɗi ƙarshen wasa ba. Wannan daidai ne ga jimlar da za a ja hankalin masu kallo da ita. Amma malamin da zai amince a fara rubutu yana da haƙƙin ya nemi jimla ta biyu wadda za ta faɗi zaɓin tauraruwa, da sharaɗin zaɓin ya fito daga hannunta. Idan wani attajiri ko wata ƙungiya ce ta faɗo daga sama a fitowa ta ƙarshe ta biya komai, to an tsinke ƙullin ne, ba a kwance shi ba.

7.0 Batun Harshe

Hausar da ake yi a Gana ta bambanta da daidaitacciyar Hausa a wasu fitattun wurare. Masu magana da ita da yawa ba su bambanta jinsin namiji da na mace a nahawu, don haka ana iya jin "yarinya ya tafi", kuma baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sukan koma b da d da k. Mai sharhi zai raba abu biyu a nan. A jimlar labari da bayanan fitowa, waɗanda rubutu ne na marubuci, ana bin daidaitacciyar Hausa da ƙa'idojin rubutunta. A bakin 'yan wasa kuwa, goggon Gumbihini da ke magana kamar mai karanta labarai a rediyon Kaduna ba za ta gamsar da kowa ba. Haka kuma ya dace a tambayi ɗaliba tun a wannan mataki da wane harshe kowane ɗan wasa zai yi magana, domin a gari irin Tamale sauyawa daga Dagbani zuwa Hausa ko Ingilishi tana nuna wa ake yi wa magana da kuma inda mai maganar ya zauna a rayuwarsa. Yayar da ta dawo daga Kumasi da 'yan kalmomin Tuwi, harshen Asante, a bakinta ta riga ta ba da rabin labarinta.

8.0 Ladabin Sharhi

Jimla guda abu ce ƙarama, amma sau da yawa ita ce abu na farko da yaro ya ƙaga da kansa ya miƙa wa babba. Kalma ɗaya mai kaushi tana iya sa ya daina kawowa. A ɗaya ɓangaren kuma, "ya yi kyau" da ba ta da bayani yaudara ce, domin ranar wasa jama'a ba za su yi kara ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga yadda malami zai iya buɗe magana:

"Madalla, 'yata. Kin zaɓi abin da kowa a unguwar nan ya sani, kuma kin tsaya a kan yarinya guda, wannan daidai ne. To, faɗa mini, a hannun wa take? Ranar da za ta tafi, wa ya raka ta tasha?"

Idan ɗalibar ta ce, "Malam, ai goggonta ce ta raka ta," to wasa ya fara fitowa, kuma daga bakinta ya fito. Yana da kyau a taƙaita gyaran farko ga abu ɗaya ko biyu mafi girma, a bar kurakuran rubutu zuwa zama na gaba. Haka kuma a kula, domin mai yiwuwa labarin da ɗaliba ta kawo na gidansu ne. Saboda haka a riƙa yin tambaya a kan yarinyar cikin wasa, kada a tambayi ɗaliba a gaban aji ko ita ce.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ana iya yi wa jimla guda cikakken sharhi ta hanyar duba siffar tauraruwa, da irin aikatau, da mahaɗan da ke ɗaure sassa, da wuri da lokaci, da kuma halin masu kallo. An ga yadda jimlar da ta fara da jigo tsirara ta koma labarin da za a iya nunawa a tsakar gida guda cikin kwana uku, ba tare da an zubar da mutuncin matan da wasan ke magana a kansu ba. Ana shawartar ɗalibai su gwada wannan ma'auni a kan Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi (1959) da Kulɓa Na Ɓarna: su matse kowane wasa cikin jimla guda, su ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau, sannan su nuna inda "saboda" da "amma" suka faɗo.